Me ya sa nake ganin undefined bayan na kira fetch?

Na rubuta lambar JavaScript da ke ɗauko bayanai daga sabar, wato kwamfutar da ke ajiye su a intanet, amma da na buga sakamakon sai in ga undefined, wato ba a sa komai ba. Ina matsalar take?

Ka nemi amsa ne tun ba ta iso ba. JavaScript ba ya tsayawa jiran intanet: da ka kira fetch, umarnin da ke aika neman bayanai, sai ya tura saƙon ya zarce layi na gaba. Kamar ka aiki yaro sayen gishiri ne, ko zaure bai kai ba ka ɗanɗana miya kana cewa salam take. Layin da ke buga sakamakon ya riga amsar sabar zuwa.

To mene ne fetch yake miƙo mini nan take?

Promise, wato alkawari, irin rasit ɗin da tela ke ba ka ranar da ka kai yadi. Ba rigar ba ce. Halinsa uku: ana jira, ya cika, ko ya ci tura. Ya shiga JavaScript a hukumance a 2015, kuma da .then ake faɗa masa abin da za a yi in kayan sun iso.

In na zuba amsar a wata ma'ajiya ta waje daga cikin .then fa?

Nan yawancin masu koyo ke faɗawa. Ma'ajiyar za ta cika, amma bayan ka riga ka leƙa ta. Duk aikin da ke buƙatar amsar, ka sa shi cikin .then, ko ka yi amfani da await da ya zo a 2017, wanda ke sa aikin ya dakata a layin har amsar ta iso. A ganina await ya fi daɗin karantawa. Sai dai galibi a cikin aikin da aka yi wa alamar async ake sa await, kuma duk irin wannan aikin alkawari yake mayarwa, don haka wanda ya kira shi ma sai ya jira.

Kuskure fa, yaya ake kama shi?

In await kake amfani da shi, da try da catch: ka sa aikin cikin try, in ya ci tura catch ya kama kuskuren. Amma a kula, fetch ba ya ɗaukar lambobin kuskuren da sabar ke turowa, irin su 404 ko 500, a matsayin cin tura, tunda sabar ta amsa. Sai ka duba response.ok da kanka, shi ke nuna ko amsar ta nasara ce.

Idan kira biyar zan yi?

In babu wanda ya dogara da wani, tura su gaba ɗaya da Promise.all. Guda ya faɗi, alkawarin da ya haɗa su duka ya ci tura. In kana son sakamakon kowanne, akwai Promise.allSettled. Kada ka sa await cikin forEach, mai bin jeri ɗaya bayan ɗaya, don forEach ba ya jira.