Gini mai daraja ta A ba shi ne kullum ya fi kawo riba ba

An daɗe ana ɗauka cewa wanda ya sayi ginin haya mai daraja ta A ya gama dacewa. Wannan rabe-raben na A, B da C (A ne mafi inganci, C na ƙasa) ba doka ce ta kafa shi ba. Dillalai da masu zuba jari ne ke amfani da shi wajen kwatanta shekarun gini, unguwarsa, lafiyarsa da irin masu hayarsa. Ginin da ake kira A a ƙaramin gari yana iya zama B a babban birni.

Abin dubawa shi ne kuɗin da ke saura. Ka tara hayar shekara, ka cire haraji, inshora, gyare-gyare, ladan mai kula da gida da hayar watannin da ɗakuna za su zauna babu kowa, sannan ka raba abin da ya rage da farashin saye. A ce ka saya a miliyan 100, miliyan 5 ta saura: kashi 5 cikin ɗari ke nan. Gini na A yakan ba da kaso kaɗan, domin tsadarsa ta riga ta haɗiye ingancinsa. Idan kuma ruwan bashin da ka ci don sayen ginin ya kai kashi 7, bashin cin ribarka yake yi.

Na C yakan nuna kaso mai tsoka a takarda, amma rufi, wayoyin lantarki da bututun ruwa sukan cinye shi, ga jinkirin biyan haya. Kafin ka biya, kai ƙwararre ya duba waɗannan ukun. Gyara yana iya ɗaga gini daga C zuwa B, sai dai unguwar tana nan yadda take.