Ba sai da takardar 'yan sanda ba: abin da doka ta ce kan wanda ya ji rauni a wuya

Magana ce ta daɗe tana yawo a tashoshin Katsina da Daura, wai in ka kai wanda ya yi hatsari asibiti ba za a taɓa shi ba sai da takardar 'yan sanda da kuɗin kafin alƙalami. Saboda wannan tsoron, mutane kan tsaya suna kallo, ko a ɗauki mutum a nufi gidan maɗori.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane irin dalili. Asibitin gwamnati da na kuɗi duk suna ciki.

A raunin wuya, jinkiri ya fi ko'ina tsada. Ƙasusuwa 7 ne a wuya, laka kuma ta bi ta tsakiyarsu. In ƙashi ya goce ya danne ta, hannu da ƙafa kan mutu, fitsari ya riƙe, wani lokacin har numfashi ya gagara. Wanda ya faɗo daga babur yana kukan wuya, ko ya ce ba ya jin yatsunsa, kada a zaunar da shi, kada a ja kansa, kada a naɗe shi a a-daidaita-sahu. A riƙe kan daidai da gangar jiki, a kira 122 na jami'an kiyaye haɗurra. Hoton ƙashi da sikanin CT ko MRI ne ke nuna inda ɓarnar take, kuma murzar maɗori kan ƙarasa lakar da ta rage.

Hukuncin wanda ya ƙi karɓar majiyyaci shi ne tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko a haɗa masa duka biyun. A ganina tarar nan ta yi kaɗan ƙwarai idan aka auna ta da magidancin da zai ƙare rayuwarsa a kwance. Ɗaurin ne kawai ke da ɗan nauyi.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne batun kuɗi. Sashen bai ce magani ya zama kyauta ba. Abin da ya hana shi ne a ce sai an biya kafin a ceto rai. Kuɗin hoto da na tiyata na iya biyowa baya, kuma nan ne talaka ke shan wuya, duk da dokar ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin agajin gaggawa.

In an ce muku sai da takarda, ku nemi shugaban sashen gaggawa, ku ambata masa sashe na 20 cikin ladabi, ku kuma rubuta lokacin da kuka iso.