Zaɓen waƙar ƙasa a gasar Eurovision

Eurovision gasar waƙa ce da Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Turai, wato EBU, ke shiryawa kowace shekara, ban da 2020 da aka soke ta, tun 1956, lokacin da ƙasashe bakwai suka kara a birnin Lugano na Suwizalan. Duk da cewa sunan ƙasa ake kira a dandali, gwamnati ba ita ke tura waƙa ba. Aikin gidan talabijin ne mai rajista da EBU: shi ke biyan kuɗin shiga, ya zaɓi mawaƙi, ya ɗauki nauyin tawaga. Rajistar ce sharaɗin shiga, ba kasancewa a nahiyar Turai ba, shi ya sa Maroko ta samu shiga a 1980. Ostireliya kuwa gayyatarta aka yi a 2015, ta kuma ci gaba da zuwa.

Hanyoyin zaɓe biyu ne. Wasu gidajen kan yi abinsu a cikin gida: kwamiti ya saurari waƙoƙi, ya tsayar da ɗaya, sai kawai a ji sanarwa. Wannan ya fi arha, amma in waƙar ta sha ƙasa, laifin na kwamitin ne shi kaɗai. Wasu kuma kan shirya gasar ƙasa a bainar jama'a. Fitacciya ita ce Melodifestivalen ta Suwidin, wadda ake shafe makonni shida ana yi, a daren ƙarshe kuma a raba maki biyu, rabi na masu kallo, rabi na alƙalai daga ƙasashen waje. Dabarar ke nan: a gwada waƙar a kunnen baƙi tun kafin ta bar gida. A Italiya, bikin Sanremo ya girmi Eurovision, domin a 1951 aka fara shi, kuma wanda ya ci shi ake fara yi wa tayin wakiltar ƙasar. Yana da damar ƙin karɓa, kamar yadda Olly ya yi a 2025, aka tura Lucio Corsi da ya zo na biyu.

Ƙa'idojin ba su da yawa, amma ba a ɗaga ƙafa. Waƙa ba ta wuce minti uku, don haka waƙoƙin Sanremo sau da yawa sai an datse su. Ba a yarda an fitar da ita kasuwa kafin 1 ga Satumba na shekarar da ta gabata ba. Ba a wuce mutum shida a kan dandali, ba a kawo dabba, kuma babban mawaƙi dole ya rera da bakinsa a kan kiɗan da aka riga aka ɗauka. Tun 1999 kowa na iya waƙa da harshen da ya ga dama. EBU ba ta tilasta mawaƙi ya zama ɗan ƙasa ba. Céline Dion 'yar Kanada ce ta ci wa Suwizalan gasar a 1988. A tsakiyar Maris ake miƙa waƙa da baitocinta da tsarin yadda za a gabatar da ita, gasar kuma a watan Mayu.

Tsakanin cin gasar gida da hawa babban dandali ne ake yawan tuntuɓe. A 2009 EBU ta ƙi waƙar Jojiya saboda wasa da kalma da ya taɓa sunan Putin, ga shi a Mosko za a yi gasar. Jojiya ta ƙi sauya baitin, ta janye. A 2016 bashin da gidan talabijin na Romaniya, TVR, ya tara ne ya sa aka cire ƙasar bayan ta riga ta zaɓi mawaƙinta. A 2019 Maruv ta ci gasar Yukren, amma ta ƙi sa hannu kan sharuɗɗan kwantiragin gidan talabijin, waɗanda suka biyo bayanta su ma suka ƙi, ƙasar ba ta je ba. Na Jamus a 2015 ya fi ban mamaki: Andreas Kümmert ya ci ƙuri'ar jama'a, nan take a gaban kyamara ya ce ya bar wa Ann Sophie. Ta je Biyana ta Ostiriya, inda aka yi gasar, ta dawo ba maki ko ɗaya.