Dokar ƙurar silika ba ta hana yankan tayil ba

Saƙon da ke yawo a WhatsApp tsakanin maginan Garwa da Marwa cewa an hana yankan tayil da fasa dutse, kuma za a ci leburan da aka kama tara, ba gaskiya ba ne. Dokar da ake nufi ta Amurka ce. Hukumar OSHA, mai kula da lafiya da kariyar ma'aikata a Amurka, ta fitar da ita a 2016, ta fara aiki a wuraren gini a watan Satumba 2017, kuma ikonta bai ƙetaro Kamaru ba. A can, ta shafi duk mai yanka, huda ko gurza kankare, bulo da dutse, aikin da ke tayar da ƙurar silika, sinadarin da ke cikin yashi da dutse.

Abin da ya fi rikita mutane shi ne iyakar da dokar ta sa ta maikirogiram 50 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Ba nauyin ƙurar da ta zauna a rigarka ba ne. Silikar da ke cikin mita ɗaya ta iska ce, tsawo da faɗi da zurfi, idan aka raba ta a kan awa 8 na aiki. Ita wannan ƙurar ido ba ya ganinta, ita ce kuma ke sauka can cikin huhu ta daskarar da shi. Cutar ba ta warkewa, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Madarar da ake sha bayan tashi daga aiki ciki take zuwa, ba ta wanke huhu.

Dokar ma ta sauƙaƙa: ɗan kwangilar da ya bi jadawalinta, ya sa injin yanka mai zubo ruwa a kan faifai ko mai zuƙe ƙura, ba sai ya auna iska ba. Takunkumi kuwa ƙari ne, kuma ba ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ake nufi ba.

Tara, wadda za ta iya haura dala 16,000 a kan laifi guda, mai aikin take hawa, lebura ba ruwansa. A nan ma haka ne: dokar ƙwadago ta 1992 da umarnin minista na 1984 kan tsafta da kariya a wurin aiki, mai ɗaukar ma'aikata suka ɗora wa nauyin. Wannan adalci ne a ganina. Inda abin ke min ciwo, yaron da ke tsugune kan injin, gira da gashin baki sun yi fari fat, yawanci aikin yini yake yi, ba takarda, CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, ba ta san da zamansa ba.