Gyaran ƙafar baya ta mota da saitin tayoyi a gida

Ƙafar baya ta mota, wadda makanikai ke cewa sasfenshan, ita ce duk tarkacen da ke haɗa tayoyin baya da gangar jikin mota: sifirin, shokabzoba, hannuwan ƙarfe, bushin na roba da ke mahaɗar hannuwan, da linkej, wato ƙananan sandunan da ke haɗa sassan. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shokabzoba kuma aikinsa ya kashe lilon da sifirin ke yi dan kar taya ta dinga tsalle tana barin ƙasa. Saitin tayoyi kuwa, wato alaimen, shi ne daidaita kusurwar da kowace taya ke tsayawa a kai. Abu biyun nan tare suke tafiya, dan da wuya ka kwance hannu ɗaya a baya ka mayar ba tare da saitin ya ɗan goce ba.

Ire-irenta

Kafin mutum ya ɗauki sifana ya kamata ya san wace irin ƙafa ce a motarsa. Akwai aksul ɗin nan guda mai sifirin falle-falle, irin na akori-kura da manyan motoci, wannan kusan babu abin saiti a jikinsa. Akwai mai sandar ƙarfe ɗaya da ke murɗawa tsakanin tayoyin biyu, wadda Volkswagen Golf ta 1974 ta taimaka wajen yaɗawa, har yau ƙananan motoci da yawa ita suke amfani da ita saboda araha da rashin cin wuri. Sai mai hannuwa da yawa, inda kowace taya ke motsi ita kaɗai, Mercedes-Benz 190 ta 1982 ta fito da mai hannu biyar a kowane gefe. Wannan ta ƙarshen ta fi daɗin tuƙi amma ta fi yawan bushin da zai mutu, kuma ita ce ta fi buƙatar saiti.

Alamomin lalacewa

Ƙara ƙwas-ƙwas in an hau gargada yawanci linkej ne ko bushin, ba lallai shokabzoba ba, duk da shi mutane ke fara zargi. Shokabzoba in ya mutu za ka ga mai ya jiƙa jikinsa, bayan motar na ta lilo bayan an wuce tudu, taya kuma ta ci tabo-tabo a zagaye. Ana danna bayan motar da ƙarfi a saki, in ta yi sama da ƙasa fiye da sau ɗaya ko biyu toh akwai magana, sai dai gwajin nan baya kama wanda ya fara rauni kawai. Gefe ɗaya ya zauna ƙasa, sifirin ne ya karye ko ya gaji. Gunji mai ƙaruwa da gudu kuma boris ne, wato abin da taya ke juyawa a kansa, wannan wani aikin ne daban.

Yadda ake aikin

Wuri mai lebur da ƙasa mai tauri, a sa waigi a tayoyin gaba, a sassauta notin taya tun motar na ƙasa, sannan a ɗaga. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin mota tana kansa, dole a sa ƙarfen tokare a wuraren da littafin motar ya nuna. Bulo ba abin dogaro bane, yana fashewa ba sallama.

Canjin shokabzoba a motocin da yake rabe da sifirin abu ne mai sauƙi, noti ne a sama da wani a ƙasa, sai dai a tallafi hannun da jak kafin a cire na ƙasan dan kar ya faɗi ya ja tiyon birki. Ana canza su biyu-biyu, hagu da dama tare. Inda sifirin ke naɗe a jikin shokabzoba kuma sai da abin matse sifirin, kuma nan ne haɗarin yake, dan sifirin da aka matse in ya kuɓuce yana iya karya ƙashi ko ya yi kisa. Wanda bai taɓa yi ba gara ya sayi haɗaɗɗen gaba ɗaya ko ya kai a matse masa. Notin da tsatsa ta kama a fesa masa man sassauta tsatsa tun daren jiya, kuma kar a kai wuta kusa da shokabzoba saboda akwai mai da iskar gas a matse a ciki.

Abin da yawancin masu gyara a gida ke tsallakewa, kuma shi ke kashe sabon bushin da wuri, shi ne lokacin ɗaure noti. Robar bushin a manne take da ƙarfenta, ba juyawa take ba, murɗewa take. In aka ɗaure tam alhali taya na reto a sama, da an sauke motar robar za ta zauna a murɗe kullum ko motar na tsaye, sai ta tsage tun ba a je ko'ina ba. Dan haka a ɗaura notin sama-sama, a sauke motar nauyinta ya hau ƙafa ko a ɗaga hannun da jak har ya kai tsayin da yake zama, sannan a ƙarasa ɗaurin da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri daidai da lambar da kamfani ya bayar. Wasu notin ma sau ɗaya ake amfani da su a jefar.

Saitin tayoyi

Kusurwa biyu ce ke da muhimmanci a baya. Kamba ita ce karkatar taya in ka kalle ta daga bayan mota, yawanci saman tayar na ɗan kwantawa ciki kaɗan, in ya yi yawa sai gefen ciki ya cinye. Ɗayar ita ce wadda ake kira "to" (toe a Turance), wato ko gaban tayoyin na kallon juna ko na kallon waje, kuma ita ce ta fi cin taya da sauri. Motoci da yawa ana ba bayansu ɗan kallon ciki, ƙasa da digiri 1, dan su tsaya a hanya. In tayoyin baya biyu suka fuskanci gefe guda, motar sai ta dinga tafiyar ƙaguwa, sitiyari ya karkace ko da gaban lafiya lau yake, shi yasa ake fara saita baya kafin gaba.

A gida ana iya aunawa da zare. A cika iskar tayoyi daidai, a ja zare biyu hagu da dama a tsayin tsakiyar taya, su tafi daidai da juna da kuma tsakiyar motar (a lura faɗin gaba da na baya ba lallai su zo ɗaya ba), sai a auna daga zaren zuwa bakin rim ta gaba da ta baya. In tazarar gaban ta fi, tayar na kallon ciki. A rim mai inci 16, bambancin kusan milimita 7 shi ne digiri 1, ka ga kenan kuskuren milimita 2 ma ba ƙarami bane, kuma rim mai lanƙwasa zai yi maka ƙarya. Inda akwai noti mai wosha karkatacciya na saiti, a yi masa alama da fenti kafin a kwance, bayan kowane juyi kuma a tura motar gaba da baya ta zauna kafin a sake aunawa.

Mai sandar ƙarfe ɗaya galibi ba ta da notin saiti, in ta goce toh ko sandar ta lanƙwashe ko bushin ɗinta ya tafi, wasu na gyara ƙaramin gocewa da siraran faranti a bayan hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa. Zare dai yana kai mota wurin masu na'urar alaimen ba tare da ta cinye taya a hanya ba, amma a ƙafa mai hannuwa da yawa baya maye gurbin na'urar, balle sababbin motoci da ake sake saita na'urar gane kusurwar sitiyari da kwamfuta bayan an taɓa alaimen.