Kalmomin Turanci masu nuna biki da shagali

Turanci yana da tarin kalmomin da ke nuna biki, kuma mafi yawansu aro ne daga harshen Latin, wasu kai tsaye, wasu kuma ta bakin Faransawa bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. Inda Bahaushe zai wadatu da kalmar "biki" ko ana aure ne, ko suna, ko naɗin sarauta, mai magana da Turanci sai ya zaɓi kalma gwargwadon girman taron da dalilinsa, shi ya sa masu fassara ke yawan tuntuɓe a nan.

Uwar kalmomin ita ce "celebration", wadda tushenta a Latin ke nufin wurin da jama'a suka cika maƙil, kuma daga wannan tushe aka samu "celebrity", wato shahararren mutum. Ita "ceremony" ta fi karkata ga tsari da ladabi, ba lallai ne a yi murna a cikinta ba, domin ko jana'iza ana kiranta da wannan suna. "Festival" da "feast" uwarsu ɗaya, amma ta farko ta zama sunan bikin al'umma mai zagayowa, kamar bikin kamun kifi na Argungu, ta biyu kuwa ta koma kan cin abinci, kusa da abin da muke kira walima. "Party" taron nishaɗi ne na 'yan uwa da abokai, kuma Hausa ta ara ta a matsayin "fati".

Abin lura shi ne addini yana ƙarƙashin kalmomi da dama da yau ake ɗauka na sharholiya ne kawai. "Holiday", wadda asalin Turanci ce, ta haɗu ne daga kalmomi biyu masu nufin rana mai tsarki, amma yanzu Baturen Ingila yana nufin hutu da ita, har da tafiyar shaƙatawa wadda Ba'amurke ke kira "vacation". "Carnival" daga Italiyanci ta fito, ma'anarta janye nama, domin shagali ne da Kiristoci ke yi kafin azuminsu na kwana 40, sai ga shi a yau ana kiran bikin Kalaba na watan Disamba da ita alhali ba shi da alaƙa da wannan azumi. "Jubilee" kuwa ta samo asali daga Ibrananci, daga ƙahon ragon da Yahudawan dā ke busawa don shelanta shekara mai tsarki da ke zagayowa duk shekara 50. Yanzu bikin cika shekaru ake kira da ita, ana jingina azurfa ga cika shekara 25, zinariya ga 50, lu'ulu'u ga 60, kamar yadda Najeriya ta yi bikin zinariya na samun 'yancin kai a 2010.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce "durbar", kalmar Farisanci mai nufin fadar sarki. Turawan mulkin mallaka sun tsince ta a Indiya, inda suka shirya manyan taruka da wannan suna a Delhi a 1877 da 1903 da 1911, suka kawo ta Arewacin Najeriya suka laƙaba wa hawan dawakin sarakuna, irin wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Da wannan suna hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024, ko da yake Kanawa kowane hawa da sunansa suke kiransa, Hawan Daushe daban, Hawan Nassarawa daban.