Waiwaye: Yadda aka koyi gano baƙin sinadarai (masu gurɓata tsabta) a cikin benzin

Tun da Michael Faraday ya ware sinadarin benzin, wani ruwa mara launi mai saurin kama wuta, a Landan a 1825, masana suka ɗauka cewa abin da suke tatsowa daga kwaltar kwal tsantsarsa ne. Sai a 1882 Victor Meyer ya nuna ba haka ba ne. A wancan zamani ana tabbatar da benzin ne da wani gwaji mai ba da launin shuɗi, amma da Meyer ya gwada benzin da aka haɗa a ɗakin bincike, launin ya ƙi fitowa. Da ya bi diddigi, ya tarar ashe wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, tiyofen, shi ne yake ba da shuɗin.

Tushen matsalar shi ne baƙin sinadaran 'yan uwan benzin ne na kusa. Benzin yana tafasa a digiri 80.1 na ma'aunin Celsius, saikulohekzen kuwa, ɗaya daga cikin baƙin sinadaran, a 80.7, don haka tacewa da zafi ba ta raba su sosai. Shekaru da dama masana'antu sun dogara ga auna zafin da benzin yake daskarewa, wato wajen digiri 5.5, domin duk wani gauraye yana saukar da wannan adadi. Dabara ce mai hikima, sai dai iyakarta ta ce akwai gauraye, ba ta faɗin ko mene ne shi.

Babban sauyi ya zo a 1952, lokacin da A. T. James da Archer Martin suka fito da kuromatogirafin iskar gas a Ingila: a mayar da samfur tururi, a tura shi cikin bututu, kowane sinadari ya fito a lokacinsa. A 1958 masu bincike a Ostareliya da Afirka ta Kudu, kowa ta nasa ɓangare, suka ƙirƙiro na'urar da ke ƙona tururin a harshen wutar haidurojin tana auna lantarkin da ya fito, har ta kai ana gano kashi kaɗan cikin miliyan. Siririn bututun da Marcel Golay ya ƙirƙiro a wannan tsakani, da na silika mai lanƙwasuwa da ya biyo baya a 1979, su suka ƙara kaifin rabewar.

A ganina inda aikin ya fi nuna amfaninsa shi ne wajen para-zailin, wani sinadari dangin benzin, wanda daga gare shi ake samun zaren foliyesta da robar gorar ruwa. Tazarar tafasarsa da ta ɗan uwansa meta-zailin ba ta kai digiri ɗaya ba, ga shi kuma masu saye suna neman tsabtar da ta kai wajen kashi 99.7 cikin ɗari. A ƙa'idar gwaji mai lamba D7504 ta ƙungiyar tsara ƙa'idoji ta ASTM, wadda ake aiki da ita yanzu, ana auna kowane baƙon sinadari daban, a haɗa jimillarsu, sannan a cire ta daga ɗari, abin da ya rage shi ake rubutawa a takardar shaidar kaya.